Zaren Ulu a Kan Bonet

A Janairu ne, tsakar bazararmu ta Kordoba,
kwalta ta yi laushi kamar alewa a aljihu.
Da mun ɗauki hawan Altas Kumbures
sai allurar zafi ta bar tsakiya ta nufi ja,
a hankali, kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa.

Babana Evaristo ba ya zagin mota.
Sai ya tsaya gefen dutse, ya ɗaga bonet,
ya riƙe ƙugu
yana sauraron ruwan lagireto na ɓararraka.
Saura sati uku a yi tsere.

Ya sayo lagireto mai layi uku. Allura ta hau.
Ya ƙara fanka. Ta hau.
Ya ɗauki almakashin ƙarfe ya yage bakin motar
har ta koma kada mai hamma.
Casimiro mai walda ya leƙo ya ce,
yanzu kam za ta sha iska ta ƙoshi.
Ta hau.

Ni ce na warware rigar sanyin mamata,
jar nan da ta bari a bayan ƙofa,
shekara biyu ba wanda ya taɓa.
Na yanka zaren guntu-guntu, tsawon ɗan yatsa,
na manna da salatif a baki, a bonet, a gindin gilas,
arba'in da bakwai, na ƙirga.
Baba ya gane ulun.
Ya zuba ruwan zafi a kan ganyen mate,
ya miƙo mini ƙoƙon, idonsa na kan taya.

Da sassafe na shiga akori-kurar Casimiro,
muka jera da Baba a miƙaƙƙiyar hanya,
kaina a waje, gashina cike da bakina.
Zaren sama ya kwanta baya, luf.
Na gefe ma haka.
Amma na bakin lagireto,
tara ko goma daga cikinsu,
sun miƙe suna karkarwa, suna nuna gaba.

Ashe iska zuwa take ta tarar da ɗaki cike,
ta yi sallama, ba wurin zama, ta juyo.
Wadda ta kutsa kuma wayo gare ta:
ba ta bin saƙar lagireto mai matsi,
sai ta sulale ta gefe,
ta tazarar da hannuna ke wucewa har gwiwa.

Kwana huɗu ba mu ga tsakar rana ba.
Muka gwada da kwali, muka ƙera da alminiyam,
hanya mai siffar mazurari, ba kwana, ba zurarewa.
Muka cusa soso a kowace kafa.
Bakin da ya yage, muka mayar da rabinsa.
Saura mafita.
Mafita kuwa a bonet take,
inda ya rubuta HERMINIA da farin fenti, da hannunsa.

Ya daɗe da zarto a hannu.
Kare ya yi haushi a layin baya, ya gaji, ya bari.
Tsaga shida ya yi, a jere, bayan lagireto,
ta shidan ta ci ƙafar harafin ƙarshe.

Ran Lahadi muka sake ɗaukar hawan.
Giya ta uku, totur a ƙasa,
zafi na fita ta tsagogin yana murɗa duwatsu kamar a cikin ruwa.
Allura ta motsa kaɗan,
ta yi tunani,
ta zauna.

Can kusa da ƙololuwa, inda ungulayen dutse ke shawagi,
ya ce, wata uku ta yi tana saƙa rigar nan,
kuma hannun hagu ya fi na dama tsawo.
Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya,
ya sauke gilas ya bar ta ta fita.

Na huɗu muka zo a tseren.
Ruwan sama ya cinye salatif, zaren ya bi iska ɗai-ɗai.
Guda ya rage a gefen tsaga ta shida,
ya koɗe, ya koma ruwan hoda.
In yana wanke motar, zagaye shi yake yi.